Faifan tarin tsofaffin wasanni: PS5 za ta karanta su, ko in mayar da su kwali?

Dogon Hannu: Assalamu alaikum 'yan gida. Tambaya gare ni, kuma don Allah wanda ya sani ya amsa, ba wanda ya ji an ce ba. Yayana ya bar mini kwalin faifansa, yawancinsu kuma irin waɗanda ake tara tsofaffin wasanni da yawa a faifai ɗaya ne. Ga abin da na tarar: Namco Museum na PS1 guda uku, masu harafin N da A da C a bango, sauran biyun sun yi ƙafa. Sai Sonic Mega Collection Plus da Capcom Classics Collection na PS2, Sega Mega Drive Ultimate Collection na PS3, da Street Fighter 30th Anniversary Collection na PS4. Ina shirin sayen PS5, wato PlayStation 5. A tunanina Pac-Man ɗin 1980 ne fa, da Sonic na 1991. Na'urar da take ɗaukar manyan wasannin yanzu ai waɗannan ko gezau ba za su sa ta yi ba. Za ta karanta su?

Autan Gida: Wa alaikumus salam yaya. Za ta karanta mana, PS5 ai komai ci take yi.

Injiniya: Auta, ka ji an ce wanda ya sani. Dogon Hannu, a cikin faifai bakwai da ka lissafa guda ɗaya tak PS5 za ta kunna maka, wato na Street Fighter, saboda na PS4 ne. Sauran shida za ta ce ba ta san su ba. Na PS1 ma CD ne, ita kuwa PS5 ko CD na waƙa ba ta kunnawa.

Inda mutane ke ruɗewa shi ne suna duba shekarun wasan da ke ciki. Na'urar ba ruwanta da wannan. Abin da take tambaya shi ne, wannan faifan wa aka yi wa shi? Pac-Man da ke cikin Namco Museum ba Pac-Man tsirara ba ne, an naɗe shi ne a cikin manhajar da aka rubuta da yaren PS1. Kafin ka isa wurin Pac-Man sai ka fara buɗe wannan ƙunshin, kuma PS5 ba ta jin yaren. Kamar a ba ka wasiƙa mai layi biyu ne a cikin akwatin da ba ka da makullinsa. Gajartar wasiƙar ba ta buɗe akwati.

Dogon Hannu: Kai! To me ya sa take jin na PS4 ɗin?

Injiniya: Saboda 'yan gida ɗaya ne. PS4 ta 2013 da PS5 ta 2020 duk firosesar AMD ce a cikinsu, tsarin x86 irin na kwamfuta. Shi ya sa wasannin PS4 sama da 4,000 suke tafiya a kanta. PS3 kuwa Cell ne a cikinta, wani firosesa mai wuyar sha'ani da Sony da Toshiba da IBM suka haɗu suka ƙera. Ko a zamaninsa masu yin wasanni sun sha wuya da shi. Har yau wasannin PS3 da ke cikin PlayStation Plus Premium ba a kan na'urarka suke gudana ba, daga can ake turo maka hoton ta intanet.

Tsohon Hannu: Yaran yanzu kun ɗauka karɓar wasannin baya sabon abu ne. Atari 7800 tana cin kaset ɗin 2600 tun shekarun 1980. Mega Drive akwai cif ɗin Z80 a cikinta, irin na Master System, ka sa mata wani ɗan adafta sai ta kunna tsofaffin. PS2 da ta fito a 2000 ƙwaƙwalwar PS1 ce sukutum aka dasa mata, tana aikin kula da hannu da katin ajiya, in ka sa faifan PS1 sai ta karɓi ragama. Game Boy Advance da Game Boy haka, Wii ta farko da GameCube haka. Wannan shi ne na gaskiya: tsohuwar na'urar tana zaune a cikin sabuwar. Abin da ake yi muku yanzu kwaikwayo ne.

Koren Akwati: Baba ya fara. Dogon Hannu, shawarata ka manta da PS5 ka sayi Xbox Series X. Ƙarni huɗu take ɗauka: Xbox ta farko, 360, One, da nata.

Dogon Hannu: To ai faifan nawa duk na PlayStation ne, malam.

Koren Akwati: Na sani, gaba nake hango maka. Ka duba Rare Replay kaɗai, wanda ya fito a 2015: wasanni 30 a faifai ɗaya, tun daga Jetpac na 1983 har su Battletoads, Banjo-Kazooie da Perfect Dark. Ka sa shi a Series X yau ya tashi lafiya lau. Wasu wasannin 360 ɗin ma sun fi kyau a sabuwar na'urar fiye da inda aka haife su, hoto ya fi tsabta, lodi ya fi sauri.

Injiniya: Gaskiya ne Microsoft ta yi aiki a nan, ba mai ja. Sun fara a Nuwamba 2015 da wasannin 360 guda 104, suka ƙaro na Xbox ta farko a 2017. Amma ka faɗa masa ragowar zancen mana. Ba kowane faifai ba ne, sai wanda yake cikin jerin. A Nuwamba 2021 suka ƙara 76, suka ce iyakarsu ke nan saboda lasisi da shari'a da matsalolin fasaha. Wanda bai shiga ba lokacin, ya makara.

Sannan in ka sa faifan 360 a Series X, ba daga faifan take buga wasan ba. Za ta gane shi, ta sauke wani kwafi da aka gyara daga intanet, faifan kuma ya zauna a ciki a matsayin shaidar cewa naka ne. Dalili kuwa 360 firosesar PowerPC ce da ita, ba danginsu ɗaya da sabuwar ba, dole sai an yi wa kowane wasa aiki daban. Kenan faifanka makulli ne kawai. In ba intanet a karon farko, ba wasa. Series S kuwa ko ramin faifai ba ta da shi.

Koren Akwati: Makulli ko ba makulli ba, wasa dai ya tashi. Naku fa?

'Yar Tetris: Ku dakata da faɗan kore da shuɗi na Xbox da PlayStation, bawan Allah tambaya ya yi. Injiniya, babu na'ura ɗaya da za ta cinye masa shidan nan?

Injiniya: Akwai, anti. PS3 ta farko, mai kauri. Kowace PS3 tana kunna faifan PS1, har siririyar. Amma na PS2 sai samfuran farko. Masu 20GB da 60GB da suka fito a Japan da Amurka a Nuwamba 2006 an sa musu manyan cif biyu na PS2 a ciki. Wadda ta je Turai a Maris 2007 an cire ɗaya an maye gurbinsa da manhaja, saboda haka ba duk wasa take ɗauka ba. Daga mai 40GB aka cire abin gaba ɗaya don rage kuɗin ƙira. Hanya mafi sauƙi ta ganewa: ka ƙirga ramukan USB a gaba. Huɗu, tana cin PS2. Biyu, ba ta ci. Ko ka juya bayanta ka karanta lamba, CECHA da CECHB su ne cikakku, CECHC da CECHE su ne masu rabi.

Amma akwai tarko. Dogon Hannu, ka ce faifanka sunansa Mega Drive Ultimate Collection. Wannan sunan na Turai ne, a Amurka Sonic's Ultimate Genesis Collection ake kiransa. In sauran faifan ma na Turai ne, duba ka ga ko an rubuta PAL, wato tsarin talabijin na Turai, a bango. Kusan duk wasannin PS3 ba su da shingen yanki, amma na PS1 da PS2 suna da shi ko a kan PS3. Ka wahala ka samo CECHA ta Amurka, ta ƙi faifan PAL, ka ga an yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Dogon Hannu: Na duba yanzu. PAL ne dukkansu. Allah Ya saka da alheri, da na tafka asara.

Tsohon Hannu: Kuma waɗannan masu kaurin sun kusa shekara ashirin, zafi gare su kamar murhu, ga ciwon wutar rawaya mai nuna na'urar ta lalace da aka san su da shi. Ɗana, nemi PS2 kawai. Ita kaɗai za ta cinye maka biyar cikin shidan. Ka haɗa ta da talabijin mai ƙeya ka ga yadda aka so a ga wasannin nan. Da tsohuwar zuma ake magani.

Autan Gida: Baba wa zai ajiye talabijin mai ƙeya a ɗaki yanzu 😂 nauyinsa kaɗai

Tsohon Hannu: Kai da ba ka taɓa ɗaga shi ba kake kukan nauyi. Bari in ba ku abin da ya faru da ni. Street Fighter II na yi shekaru ina bugawa, Ryu a hannuna kamar cokali yake. Ranar da na fara sa tarin nan na shekara 30 a sabon talabijin, jikana ya zauna gefena, ya ɗauki Blanka don kawai kore ne. Yaron nan tsalle kawai yake yi yana faɗowa kaina. Na ga tsallen, na yi gaba, ƙasa, ƙasa-gaba, naushi, abin da yatsuna suka yi sau dubu. Ryu ya tashi, amma bayan an riga an taka masa kai. Sau uku a jere. Yaro yana dariya yana cewa kaka ya tsufa. Na ajiye hannun na yi shiru, don ni kaina na fara yarda.

Ashe ba ni ba ne. Tsakanin danna maɓalli da motsin hoto akwai jinkirin da babu shi a da. Wasan da aka gina a kan hoto 60 a daƙiƙa, kowane hoto bai kai kashi 17 cikin dubu na daƙiƙa ba. Hannu mara waya ya ci nasa, manhajar kwaikwayo ta ci nata, talabijin ya ci nasa. Kafin ka ankara an yi maka fashin hoto biyar ko shida. A wasan ƙwallo ba za ka ji ba. A nan kuwa shi ne bambancin ci da faɗuwa.

Injiniya: Baba, mafi yawan wannan fashin talabijin ne ya yi maka. Sababbin suna tsayawa su yi wa hoto kwalliya kafin su nuna shi, su goge nan su santsa can. Ka shiga saiti ka kunna yanayin wasa, wanda ake rubutawa Game Mode, ka kashe duk abin da ya shafi santsin motsi. Ka yi hakan?

Tsohon Hannu: Na yi daga baya. Ya ragu sosai, ban musa ba. Na kuma rama a kan Blanka. Amma bai koma kamar da ba, yatsana ya sani.

Injiniya: Ba zai koma sifili ba, nan na yarda da kai. Wani lokacin ma kwaikwayo ne a kan kwaikwayo. Ɗauki Sega Vintage Collection na 360 a kan Series X: Series X tana kwaikwayon 360, ita kuma manhajar ciki tana kwaikwayon Mega Drive. Hawa biyu ke nan kafin ka taɓa Streets of Rage. Abin mamaki ma shi ne yana tafiya da kyau.

Sai dai Baba, faifan PS2 da kake yabo, shi ma ai kwaikwayo ne. Sonic Mega Collection Plus ba Mega Drive ba ce, PS2 ce take kwaikwayonta. Duk wani tarin tsofaffin wasanni ko dai kwaikwayo ne ko sake rubutawa. In asali kake so sai ka koma kaset.

'Yar Tetris: Yauwa, nan nake jira. Baba, da girmanka, wane asalin? Wace Mega Drive ka taso da ita?

Tsohon Hannu: Ta Turai. Me ya faru?

'Yar Tetris: To Sonic ɗin da ka sani ba shi ne wanda aka ƙera a Japan ba. Talabijin ɗin PAL 50 yake yi a daƙiƙa, na Japan da Amurka 60. Sonic na farko ba a gyara shi don Turai ba, sai ya zama yana tafiya a hankali da kusan kashi 17 cikin ɗari, har kiɗan ma ja yake yi, ga baƙin layi sama da ƙasa. Wanda ya taso da wannan, in ya kunna na sabon tari sai ya ce an lalata wasan, an sa masa gaggawa. Alhali shi ne ya yi ƙuruciyarsa da mai ɗingishi. Da aka fitar da PlayStation Classic a 2018, wasanni 9 cikin 20 na PAL ne, aka yi ta surutu a kai. To in kowa yana kare abin da ya taso da shi ne, mu daina kiransa asali, mu kira shi sabo da aka yi da shi.

Koren Akwati: Anti ta kashe baki 🔥

Tsohon Hannu: 'Yata, na ji, kuma kin yi gaskiya a kan saurin. Ranar da na fara jin kiɗan Green Hill a 60 na ɗauka faifan ne ya lalace. Amma bari in mayar miki da ɗaya. Sonic Origins na 2022, sabon tari, hoto fes, an faɗaɗa allo. Ki shiga Sonic 3 ki je matakin Carnival Night ko IceCap ko Launch Base. Kiɗan da muka sani babu shi, an sauya. Su ne waƙoƙin da aka daɗe ana cewa akwai hannun Michael Jackson da mutanensa a ciki. Wannan ba zancen 50 da 60 ba ne, abu ne aka cire. Faifan PS2 da ke kwalin yaron nan yana da kiɗan yadda yake, kuma yana da Sonic 3 & Knuckles a haɗe in ka buɗe shi. Na PS3 ɗin ma yana da wasannin biyu amma a rarrabe, ba haɗin. Sega Mega Drive Classics na 2018 kuwa, mai wasanni sama da 50, babu Sonic 3 a cikinsa sam a PS4. Tari huɗu, kamfani ɗaya, kowanne da abin da ya rasa. Ta yaya za a ce masa sabon ya wadatar?

'Yar Tetris: Ban ce ya zubar da faifan ba ai. Abin da nake cewa, sababbin tarin suna da abin da na da ba su da shi. Ni da yarana muke bugawa. Mega Man na NES ka ba yaro ɗan shekara takwas yadda yake, minti goma zai jefar da hannun. Amma da damar ajiyewa a ko'ina, da maɓallin mayar da lokaci baya a waɗanda suke da shi, 'yata ta kai ƙarshen wasan da ni ban taɓa gamawa ba. Sannan ka duba Atari 50 da Digital Eclipse suka yi a 2022. Wasanni sama da 100, amma ba jera su kawai aka yi ba, an sa hirarrakin waɗanda suka ƙera su, da zanen farko, da tallan lokacin, kana bi shekara-shekara kana tsayawa ka buga. Wasu wasannin 2600 in aka ba ka su haka kawai za ka ce wannan kuma mene ne. Da ka ji yadda aka matse su a ƙwaƙwalwar da ba ta kai ta kalkuleta ba, sai ka kalle su da wani ido.

Tsohon Hannu: Mayar da lokaci baya. Wato ka faɗa rami ka ce ban faɗa ba.

'Yar Tetris: Baba ai wahalar da kuke taƙama da ita, wasannin akwatin sulalla don a ci kuɗinku aka sa ta. Ka mutu da wuri ka sake jefa wani.

Autan Gida: Ni fa duk wannan wahalar ban gane ta ba. A waya akwai emuleta, manhajar kwaikwayon tsofaffin na'urori, ka sauke wasa dubu a fayil ɗaya. In tura hanyar?

Mai Kula da Zaure: Auta, kar ka tura. Dokar zaure ta hana, ka sani. Maganar emuleta a matsayin fasaha ba laifi, hanyar sauke kayan mutane ce ba ma so.

Injiniya: Amma abin da ya kai Auta can ba ƙaramin abu ba ne. A 2023 Video Game History Foundation ta fitar da bincike cewa kashi 87 cikin ɗari na wasannin da suka fito a Amurka kafin 2010 ba a sayar da su a lokacin ta kowace halastacciyar hanya. Tarin da muke magana a kai su ne 'yan tsirarun da suka tsira, su ma ba dawwama suke yi ba. Super Mario 3D All-Stars an daina sayar da shi ranar 31 ga Maris 2021, wata shida kacal bayan fitowarsa. Metal Gear Solid 2 da 3 an sauke su daga shagunan intanet a 2021 saboda lasisin wasu tsofaffin hotunan tarihi da ke ciki, sai a 2023 suka dawo cikin Master Collection. Shagon 360 an rufe shi a Yuli 2024. Mega Drive Classics ɗin da Baba ya ambata an cire shi daga sayarwa a Disamba 2024. Wanda ya riga ya saya yana nan da abinsa, amma sabon mai so sai dai ya nemi faifai. Faifan PS4 ɗin kuwa ka sa shi a PS5 ya tashi. Nan ne amfanin abin yake fitowa. Shi ya sa Dogon Hannu, in za ka sayi PS5, sayi mai ramin faifai.

Koren Akwati: A wannan kam bakinmu ɗaya. Ko Switch 2 da ta fito a Yuni 2025 tana karɓar yawancin katin Switch ta farko. Kowa ya gane cewa mutane ba sa son barin kayansu a baya.

Dogon Hannu: Na gode ƙwarai, kun buɗe mini ido. Ga abin da na tsayar: PS5 mai faifai don na PS4 da abin da zai zo, sai in nemi PS2 ta PAL don Namco da Sonic da Capcom. Na PS3 ɗin zai jira. Talabijin mai ƙeya dai Baba ka yi haƙuri, ba wuri. Yaya zan haɗa PS2 da na yanzu?

Injiniya: In talabijin ɗinka yana da ramukan nan kore, shuɗi da ja, sami wayar component, ta fi wayar da aka saba mai kan rawaya nesa ba kusa ba. Amma ga gargaɗi: yawancin wasannin PS1 a 240p suke fita, wato ƙaramin ma'aunin hoto irin na da, kuma sababbin talabijin da yawa ba sa karɓar wannan ta component. Sai ka ga na PS2 yana yi, ka sa Namco allo ya yi baƙi, ka ɗauka faifan ne ya mutu. In haka ta faru ka gwada mai rawayar, ko ka nemi akwatin da ke ɗaga hoto zuwa HDMI wanda aka yi don wasa, ba na fim ba, don na fim jinkiri yake ƙarawa. Kuma wasan PS1 ba ya ajiya a katin PS2, sai ka sami katin PS1 daban.

Dogon Hannu: Allah mai iko, na sake zazzage kwalin, akwai kati biyu a ƙasa, baƙi mai 8MB da wani toka-toka. An manna wa baƙin takarda an rubuta "kar a goge" da rubutun yayana.

Tsohon Hannu: To ka ji. Kar ka goge. In ka samu na'urar fara duba ko ya riga ya buɗe Sonic 3 & Knuckles, don buɗe shi sai an yi ta shiga wasanni ana fita, aiki ne na mai haƙuri. In ya buɗe, je ka IceCap ka ƙure murya, ka zo ka ba 'Yar Tetris labari.

'Yar Tetris: Ina jira. A gaya mini kuma ko a 50 ya ji shi ko a 60.

Dogon Hannu: In sha Allah. Af, wanda yake da Namco mai harafin M ko O ya yi mini magana ta gefe, Dig Dug da Ms. Pac-Man suna cikin M ɗin.

Mai Kula da Zaure: Ta gefe dai, ba a nan ba.